"Ja" da "Ja Wur": Ma'ana, Amfani da Matsayinsu a Manhajar Hausa

1.0 Gabatarwa

Darasin launuka yana cikin darussan farko da ɗalibi kan ci karo da su a ajin Hausa. Yadda aka saba gabatar da shi shi ne a zana 'yan akwatuna a allo ko a littafi, a shafe kowanne da launinsa, sannan a rubuta suna a ƙarƙashi: fari, baƙi, ja, kore, shuɗi, rawaya. Wannan tsari yana da sauƙi ga malami, amma yana sa ɗalibi ya ɗauka cewa kowace kalma launi ɗaya tak take nufi, wato wanda ya gani a cikin akwatin. Ga kalmar "ja" kuwa, wannan zato ba daidai ba ne. Launin da akan shafa a akwatin, irin na nunannen tumatir ko barkono, Bahaushe ba "ja" kawai yake ce masa ba, "ja wur" yake cewa. Ita "ja" zalla ta fi haka faɗi nesa ba kusa ba.

Wannan sashe na rahoton zai duba kalmar "ja" da amsa-kamar da ke tsananta ta, wato "wur" da 'yan'uwanta. Za a bayyana faɗin ma'anar kalmar, da yadda ake nuna jan da ya kai matuƙa, da ma'anonin da aka aro mata, da kuma ruɗanin da ke tsakaninta da takwararta "ja" ta aikatau. Daga ƙarshe za a kawo shawarwari ga malamai da masu tsara manhaja, musamman waɗanda ke koyar da Hausa ga ɗaliban da ba ita ce harshensu na farko ba.

2.0 Matsayin "Ja" a Cikin Kalmomin Launi

A shekarar 1969 wasu masana biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Amurka, Brent Berlin da Paul Kay, suka wallafa sakamakon nazarin da suka yi a kan kalmomin launi a harsuna 98. Sun nuna cewa idan harshe yana da kalmomin launi na asali guda biyu kacal, to na fari da baƙi ne. Idan kuwa uku ne, ta ukun ta ja ce. Nazarce-nazarcen da suka biyo baya sun yi wa ra'ayin gyare-gyare da dama, amma fifikon waɗannan launuka uku ya ci gaba da bayyana a harsuna masu yawa, ciki har da na Nijeriya. Yarabanci, alal misali, yana da "funfun" da "dudu" da "pupa" a matsayin ginshiƙan launukansa.

A Hausa ma akwai alamun da ke nuna cewa fari da baƙi da ja su ne iyayen gida. Na farko, ba a iya mayar da su ga sunan wani abu da aka samo su daga gare shi. Sauran kuwa asalinsu a fili yake. "Shuɗi" ɗan gida ɗaya ne da "shuɗa" da "shuni", wato sana'ar rini da baba. "Rawaya" sunan wani tsiro ne da ake samun rini daga saiwarsa. Wasu launukan kuma sai an jingina su ga wani abu ta hanyar kalmar "ruwan": ruwan goro, ruwan hoda, ruwan ɗorawa, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan makuba. Na biyu, jam'in waɗannan kalmomi uku yana bin ƙira iri ɗaya: farare, baƙaƙe, jajaye. Na uku, su ne suka fi shiga cikin adon harshe, kamar yadda za a gani a sashe na 5.0.

Ta fuskar nahawu, "ja" sifa ce, amma ta sha bamban da 'yan'uwanta biyu a wuri guda. Fari yana da "fara", baƙi yana da "baƙa", ita kuwa "ja" siga ɗaya gare ta ga namiji da tamata. Mahaɗi da dirka ne kaɗai ke nuna jinsi:

(1) jan wando. Wandon ja ne
(2) jar riga. Rigar ja ce
(3) jajayen takalma. Takalman jajaye ne

A karin harshen yamma, kamar Sakkwatanci, mahaɗin tamata yakan rikiɗe ya ɗauki kamar baƙin da ke biye da shi, sai a ji "jat taguwa" ko "jaƙ ƙasa". Ya kamata malami ya san da wannan, domin ya gane cewa karin harshe ne, ba rashin iya magana ba, ko da yake a rubutun daidaitacciyar Hausa "jar" ake bukata.

3.0 Faɗin Ma'anar "Ja"

Hanya mafi sauƙi ta gane faɗin kalmar ita ce a jera abubuwan da Bahaushe ke kira ja, sannan a dubi launinsu da ido.

(4) jar ƙasa: ƙasa mai sinadarin ƙarfe da ya yi tsatsa, irin wadda ake gini da ita ko a zuba a hanya
(5) jan ƙarfe: ƙarfen da ake wayar lantarki da shi
(6) manja, wato man ja: man kwakwar da ake miya da shi
(7) jar akuya: irin akuyar Sakkwato da Maraɗi
(8) jan sa: irin shanun rahaji na Fulanin Bororo
(9) jan biri: birin da ake gani a dazuzzukan arewa
(10) jan goro: kishiyar farin goro
(11) jar kanwa, jar dawa, jan wake, jan nama, jar miya

Idan aka ajiye waɗannan abubuwa a kan tebur guda, ba za a sami biyu da launinsu ya zo daidai ba. Manja ya karkata ga ruwan goro. Jar akuya da jan sa sun karkata ga ruwan ƙasa mai duhu. Jan goro ya kusanci ruwan hoda mai kauri. Duk da haka ba wanda zai ce an yi kuskure da aka kira su ja. Dalili shi ne, kalmar tana aiki ne ta hanyar kwatanci: abin da ba fari ba ne, ba kuma baƙi ba, yana da ɗumin launi irin na wuta ko jini ko yumɓu, to ya shiga gidan ja. Jan goro ja ne domin akwai farin goro. Jar akuya ja ce domin akwai baƙa da fara.

Haka abin yake ga launin fatar mutum. Akan ce wane ja ne, ana nufin hasken fata gare shi, kuma daga nan ne laƙabin "Jatau" ya samo asali. Ɗalibi Bayarabe ba zai sha wahalar gane wannan ba, domin "pupa" ma tana ɗaukar wannan ma'ana a harshensa. Wanda zai ruɗe shi ne wanda aka koya wa cewa "ja" fassarar kalmar Ingilishi ce ƙeƙe-da-ƙeƙe. Iyakokin kalmomin biyu ba su zo ɗaya ba. Akwai ma wuraren da Ingilishi ya sa ja, Hausa ba ta sa ba. Tekun da ya raba Afirka da yankin Larabawa, wanda Turawa ke kira da sunan wannan launi, Bahar Maliya Bahaushe ya san shi.

4.0 "Wur": Amsa-kamar da ke Tsananta Ja

Tun da "ja" ta yi faɗi haka, dole harshe ya tanadi hanyar ware jan da ya cika ya tumbatsa daga sauran. Wannan aiki amsa-kama ce ke yin sa. Amsa-kama kalma ce da ke kwaikwayon sauti ko motsi ko kamannin abu, ta yadda mai sauraro zai ji kamar yana ganinsa. Idan aka ce "ja wur", ana nufin ja mai haske, mai ƙarfi, wanda ba sirki a cikinsa, wanda ke ɗaukar ido tun daga nesa. Irinsa ne launin nunannen barkono da tattasai da tumatir, da sabon jini, da garwashin da aka hura, da ƙwayar tsiron nan da ake kira idon zakara.

4.1 Siffofinta

Akwai siffofi huɗu da ya kamata malami ya lura da su.

Na farko, amsa-kamar launi tana da zaɓi. Kowane launi da nasa abokan tafiya, ba a kuma musanya su:

(12) ja wur, ja zur
(13) fari fat, fari tas, fari sol, fari ƙal
(14) baƙi ƙirin, baƙi wuluk, baƙi siɗik
(15) kore shar

Ba a cewa "ja fat" ko "fari wur" ko "baƙi shar". Wannan ba doka ce da za a iya gano ta da lissafi ba. Sai an ji an kuma riƙe.

Na biyu, yawancin waɗannan kalmomi da baƙi suke ƙarewa, alhali mafi yawan kalmomin Hausa na asali da wasali suke ƙarewa. Wannan yana cikin abubuwan da suka sa masana nahawu suka keɓe wa amsa-kama matsayi na daban. Harafin "r" na ƙarshen "wur" da "zur" da "shar" ra-gare ne, ba ra-kaɗe ba.

Na uku, akan ɗaga murya wajen furta ta fiye da sauran kalmomin jimla. Mai karanta "ja wur" da murya shimfiɗaɗɗiya ya zubar da rabin ma'anarta. Don haka darasin amsa-kama darasin baka ne kafin ya zama na rubutu.

Na huɗu, ba ta sauya siga saboda jinsi: wando ja wur, riga ja wur. Sifar ce ke ɗaukar jam'i: takalma jajaye wur.

Ban da "wur" da "zur", akan ji "jajir" da "jazir" da "jajur" da "jajawur" a bakin jama'a da kuma a littattafan ƙagaggun labarai. Bambancin da ke tsakaninsu na yanki ne da na sabo, ba na ma'ana ba. Bai dace a ce wa ɗalibi ɗaya ce kaɗai Hausa ba.

4.2 Gurbinta a Jimla

Sifar Hausa tana iya zuwa kafin suna tare da mahaɗi, ko bayan suna ba tare da shi ba: jar hula, hula ja. Amma da zarar amsa-kama ta shigo, sai sifar ta koma bayan suna:

(16) Ya sayi hula ja wur.
(17) Ta ɗebo barkono ja zur daga lambu.

Ba a cewa "jar wur hula", ba a kuma cewa "jar hula wur" a maganar yau da kullum. Wannan kuskure ne da ake sa ran samu daga ɗalibin da ya saba da tsarin Ingilishi, inda sifa da mai ƙarfafa ta ke gabatar suna.

Gurbi na biyu shi ne bayan aikatau "yi", inda ake nuna sauyin kama:

(18) Tumatir ya yi jawur.
(19) Ƙarfen ya yi jawur a maƙera.
(20) Idanunsa sun kaɗa sun yi jajir.

Misali na (20) yana da muhimmanci ga darasin adabi. Launin da aka ambata na zahiri ne, amma abin da marubuci ke son isarwa shi ne halin da mutumin ke ciki: fushi, ko kuka, ko rashin barci, ko ciwo. Muhallin magana ne zai tantance. Ɗalibin da aka tambaya abin da jimlar ke nufi ya ce "idanunsa ja ne" ya faɗi gaskiya, amma bai kai ga manufa ba.

4.3 Ninki: Kishiyar Amsa-kama

Kamar yadda amsa-kama ke ƙara wa launi ƙarfi, haka cikakken ninki ke rage masa. "Fari-fari" bai kai fari ba, "baƙi-baƙi" bai kai baƙi ba, haka "ja-ja" bai kai ja ba. Ke nan Hausa tana da matakala mai hawa uku:

(21) ja-ja, ja, ja wur

A nan akwai tarko. "Jajawur" tana kama da "ja-ja" a farkonta, sai ɗalibi ya zaci ragi ake nufi, alhali ita ce ƙololuwa. Ya kamata a nuna masa cewa duk inda amsa-kama ta bayyana, tsanantawa ake yi.

4.4 Kalmomin Sana'a

Masu sana'o'in gargajiya suna da wasu kalmomi da ke nuna ja mai ƙarfi ta hanyar ambaton abin da ke ɗauke da shi. "Karan dafi" wata irin dawa ce da ake nomawa domin jan rinin da ke jikin kuben ganyenta. Da shi dukawa ke rina fata. Fatar jar akuyar Sakkwato da aka jeme ta daɗe tana ƙetare Sahara, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. "Mulufi" jan yadi ne mai kauri da ya shigo ta hanyar fataucin Sahara, ana kuma ganinsa a kayan doki da na sarauta. "Alharini" zaren siliki ne da aka rina, ana saƙa da ɗinki da shi. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya ambace shi cikin manyan hajojin da ake kawowa daga arewa. Sai "garura", hodar rini ta kanti, da "murjani", jan dutsen ado na mata, da "dara", jar hular da aka sani a fada. Waɗannan kalmomi suna ja da baya a bakin yara, kuma darasin launi wuri ne da ya dace a raya su.

5.0 Ma'anonin Aro

A adon harshe, fari yakan tafi da alheri, baƙi kuma da akasinsa: farin ciki da baƙin ciki, farin jini da baƙin jini. Ja ba ta shiga wannan rabo na kyau da muni ba. Abin da take ɗauke da shi shi ne tsanani da ƙarfi da jarunta:

(22) jan aiki: aiki mai wuya, mai bukatar juriya
(23) jan hali: ƙarfin zuciya
(24) jan gwarzo, jan namiji, jan zaki: kalmomin kirari ga jarumi
(25) jan ido: nuna tsanani ko tsoratarwa

Abin lura shi ne, "wur" ba ta bin "ja" zuwa wannan fage. Ba a cewa "aiki ja wur" ko "hali ja zur". Ke nan amsa-kamar tana tsare da ma'anar da ido ke gani, kuma malami zai iya amfani da ita a matsayin ma'auni: idan "wur" ta zauna daram, launi ake nufi, idan ta ƙi zama, an shiga adon harshe.

Zamani ma ya kawo nasa. "Jan kati" ya shigo ta hanyar ƙwallon ƙafa, inda aka fara amfani da tsarin katin gargaɗi da na kora a gasar cin kofin duniya ta 1970 a Meziko. Yanzu akan ce an ba wane jan kati ko da a siyasa ko a wurin aiki. "Jan wuya" ana faɗinsa ga manyan hafsoshin soja saboda jan ƙyallen da ke wuyan kakinsu, ana kuma faɗinsa ga duk wanda ya gagara a fagensa. "Jan layi" ya yawaita a labaran rediyo da ma'anar iyakar da ba a yarda a ƙetare ba. A kimiyya akwai "jajayen ƙwayoyin jini". Ita kuwa "danja", fitilar da ke tsayar da mota, aro ce daga kalmar Ingilishi mai nufin haɗari. "Ja" da ke ƙarshenta dacewa ce kawai, duk da cewa fitilar ja ce.

Ma'anar launi a al'ada takan sauya daga wuri zuwa wuri, ko da abin bai sauya ba. Jar hula a ƙasar Ibo alama ce ta masu riƙe da sarauta. A Kano kuwa ta zama alamar tafiyar siyasa ta Kwankwasiyya. A fadojin ƙasar Hausa, ja haɗe da kore shi ne aka fi sani da tufafin dogarai. A makarantar allo, rubutaccen Alƙur'ani na hannu yakan zo da baƙaƙe cikin baƙar tawada, wasula kuma cikin ja. A makarantar boko, jan biro na malami ne, gyara yake nufi. Ajin da ya haɗa ɗalibai daga sassa daban-daban na ƙasa zai amfana idan aka ba su dama su kwatanta waɗannan ma'anoni, muddin malami ya tsaya a kan bayani, bai karkata ga wani ɓangare ba.

6.0 "Ja" Launi da "Ja" Aikatau

Babban ruɗani yana tasowa ne daga kasancewar wata "ja" ta daban, wato aikatau mai nufin fizgowa ko janyowa. Idan aka mayar da ita suna ɗan aikatau aka liƙa mata mahaɗi, sai ta zama "jan", daidai da sifar a rubuce. A baki akwai bambanci: "jan" ta launi karin sama gare ta, ta aikatau kuwa karin faɗau. Amma daidaitaccen rubutun Hausa ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka mai karatu sai ya dogara ga muhalli. Ga misalan da ba launi a cikinsu:

(26) jan hankali, jan kunne, jan ragama, jan ƙafa, jan rai, jan numfashi, jan carbi

Misalai uku sun isa su nuna girman matsalar. Ɗalibin da ya koyi "farin ciki" da "baƙin ciki" zai zaci "jan ciki" shi ne na ukunsu, alhali tafiyar maciji ce da makamantansa, waɗanda ake kira masu jan ciki. Haka kuma "jan baki", kayan kwalliyar mata, launi ne. Amma "jan baƙi", wato karanto ayoyi a wurin tafsiri kafin malami ya fassara, aikatau ne, kuma lanƙwasar harafi ɗaya ce ta raba su a rubuce. Shi kuwa "jan layi" yana ɗaukar duka biyun: zana layi da rula, ko layin da launinsa ja ne.

Akwai ma'aunai uku da ɗalibi zai iya gwadawa da kansa:

(a) Ma'aunin jinsi. Suna ɗan aikatau "ja" namiji ne, don haka kullum "jan" yake ɗauka. Duk inda aka ga "jar", launi ne. Idan kuwa aka ga "jan" kafin suna tamata, aikatau ne: "jar akuya" launinta ake nufi, "jan akuya" kuwa da igiya ake yi. Haka "jan ƙafa" da "jan ragama".

(b) Ma'aunin jam'i. Sifa tana komawa "jajaye": jan kati, jajayen katuna. Aikatau ba ya komawa. Ba a cewa "jajayen hankula".

(c) Ma'aunin aikatau. Idan za a iya cewa "ya ja kaza", to aikatau ne: ya ja kunnensa, ya ja hankalinsu. Ba a cewa "ya ja hali" da ma'anar jarunta.

7.0 Matsalar Rubutu

Ana samun "ja wur" a rabe, ana kuma samun "jawur" a haɗe, wani lokaci a littafi guda. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ɗalibin da ake rage wa maki saboda raba kalma ko haɗe ta. Kowane ɓangare yana da hujja. Masu rabawa suna duban "fari fat" da "baƙi ƙirin", waɗanda ba mai haɗe su. Masu haɗewa suna duban yadda kalmar ke aiki a matsayin dunƙule guda bayan "yi", ba ta kuma sauyawa ko da abin jam'i ne: "idanu sun yi jawur", ba "sun yi jajaye wur" ba. Ga kuma "jajir" da "jajawur", waɗanda ba su rabuwa cikin sauƙi.

Abin da nahawun kalmar ya nuna shi ne, sigogin biyu duk suna da gurbi. Inda "ja" take sifa mai iya komawa jam'i, a raba: hula ja wur, huluna jajaye wur. Inda ta biyo bayan "yi" a dunƙule, a haɗe: ya yi jawur, sun yi jawur. Wannan shi ne tsarin da aka bi a misalan wannan sashe.

8.0 Shawarwari

Bisa bayanan da suka gabata, ana ba da waɗannan shawarwari:

(i) A aji 1 zuwa 3 na firamare, a koyar da "ja" da abubuwa na zahiri, ba da akwati ɗaya ba. A kawo goro, da barkono, da ɗan manja a kwalba, da dunƙulen jar ƙasa, a bar yara su ware wanda yake ja wur daga sauran. A haɗa kowane launi da amsa-kamarsa tun daga ranar farko, a kuma furta ta da muryar da ta dace.

(ii) A aji 4 zuwa 6, a shigo da jinsi da adadi (jan, jar, jajayen), da matakalar ja-ja, ja, ja wur, da launukan "ruwan kaza".

(iii) A ƙaramar sakandare, a koyar da bambancin "ja" launi da "ja" aikatau tare da ma'aunai ukun da ke sashe na 6.0. Aikin aji mai amfani shi ne a ba ɗalibai shafin jarida su tsamo duk "jan" da "jar" da ke ciki, su kasa su gida biyu.

(iv) A babbar sakandare da kwalejojin ilimi, a nazarci ma'anonin aro a kirari da zube da waƙa, da kalmomin sana'a, da matsalolin fassara tsakanin Hausa da Ingilishi.

(v) Ga masu koyon Hausa a matsayin harshe na biyu, a fara da tambayar yadda harshensu ke nuna ja mai ƙarfi. Harsunan Nijeriya da yawa suna da amsa-kama, don haka ɗalibi ya riga ya san dabarar. Kalmar ce kawai sabuwa gare shi.

(vi) Jagororin gyaran jarrabawa su karɓi "wur" da "zur" da "jajir" da makamantansu, kada kuma a hukunta ɗalibi a kan "ja wur" ko "jawur" kafin hukumomin daidaita rubutu su tsayar da matsaya guda.

(vii) Marubuta littattafan makaranta su riƙa tuntuɓar ƙamusoshi, tun daga na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949, har zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 da na Newman na 2007, domin tabbatar da ma'ana da karin sautin misalan da za su kawo.

9.0 Kammalawa

An ga cewa "ja" kalma ce mai faɗi, wadda ta tattaro launuka tun daga na manja har zuwa na jar akuya, kuma amsa-kamar "wur" da 'yan'uwanta ne ke keɓe jan da ya kai matuƙa. An ga cewa ninki yana rage launi, amsa-kama tana ƙara shi. Cewa a adon harshe ja tsanani take nunawa. Da kuma cewa "jan" ta rubutu kalmomi biyu ce masu karin sauti daban. Manhajar da ta tsaya ga akwati ɗaya da suna ɗaya za ta fitar da ɗalibin da ya san sunan launi, amma bai iya bambance jar akuya da jan akuya ba. Gyaran ba ya bukatar sabon darasi ko ƙarin sa'o'i a jadawali. Abin da yake bukata shi ne a shigar da amsa-kama, da jinsi, da karin sauti cikin darasin launin da ake da shi, a kuma horar da malamai su koyar da su tare.